Gwazarma a Gidan Jami'in Gona

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da masinja ya taso ni daga gonar gwaji ba. Ya ce maigida na nemana a gidansa, ba a ofis ba, kuma in zo yadda nake. A Ikara ne, cikin watan Agusta, shekara ta biyu da samun mulkin kai. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, wannan zan ba ku, ko da yake ban fita cikinsa da farar riga ba.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona, shekarata uku a aiki. Ga yadda tsarin yake: leburori a ƙasa, sai mu ƙananan malamai masu zagaya ƙauyuka a kan keke, sai jami'in gona mai kula da Ikara da Makarfi da Kudan gaba ɗaya. Shi kuma yana ƙarƙashin babban jami'i na lardi da ke Zariya, wanda har lokacin Bature ne. Ban da yawon ƙauyuka, ni ke riƙe da makullin sito, inda ake ajiye irin auduga da taki da maganin ƙwari. Ba gwangwanin da zai fita sai ta hannuna.

Jami'inmu, Malam Yahaya, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. Ba mugun mutum ba ne. Yana da ilimi, ba ya cin na kowa, amma kullum a ɗarare yake kamar wanda ake leƙe ta taga. An ba shi gidan da Baturen nan ya zauna kafin a ƙara masa girma ya koma Zariya. A gaban gidan akwai filin ciyawar kiri-kiri da Baturen ya shuka, ba don dabba ba, don ado kawai. Ana aske ta da wani inji da ake turawa da hannu, ta kwanta lif kamar darduma. Mutanen gari sun daɗe suna dariyar abin, wai ga gidan da ake ba ciyawa ruwa da rani.

Da na isa na jingine keke, sai na ga dardumar ta lalace. Wuri-wuri ta yi rawaya, wani wurin ta bushe ƙarau, alhali ruwa ake yi kusan kullum. Malam Yahaya na tsaye a baranda da takarda a hannu. A ƙasa kuma mai kula da lambun, Baba Audu, wani dattijo mutumin Saulawa, yana tsugune da hularsa a hannu.

Na gaishe da Malam Yahaya, bai ko bari na kai ƙarshen gaisuwar ba.

"Malam Isa, dubi abin da tsohon nan ya yi mini. Shekara da shekaru ciyawar nan tana kore a hannun Bature. Ni da zuwana ta mutu. Ga takarda daga Zariya, ranar Larabar makon gobe zai zo rangadi, kuma a gidan nan zai ci abincin rana. Na gaya wa Audu ƙarshen wata ya tattara nasa."

Baba Audu bai ɗaga kai ba.

Na nemi izini na shiga filin. Na durƙusa inda rawaya ta haɗu da kore, na kama ciyawar na ja. Sai ta taso gaba ɗaya kamar an ɗaga tabarma, ba saiwa ko ɗaya da ta riƙe ta. A ƙarƙashi ga su nan kwance, farare, masu jan kai, kowace ta lanƙwashe kamar lauje. A faɗin tafin hannu biyu na ƙirga goma sha ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sakaci ba ne. Gwazarma ce."

Ga wanda bai sani ba, gwazarma tsutsar ƙwaro ce. Uwar takan zo da farkon damina ta zuba ƙwai inda ƙasa ke da laushi da taki. In sun ƙyanƙyashe sai su zauna a ƙasa suna cin saiwa. Daga sama ba abin da za ka gani sai ciyawa ta fara mutuwa, lokacin kuwa sun riga sun yi ɓarna.

Malam Yahaya ya sauko ya duba. Fuskarsa ta ɗan saki, don ya ga abin da yake da magani. Ya ce, "To, shi ke nan. Ka ɗauko maganin ƙwarin auduga a sito. Ka haɗa shi da ƙarfi, ninki biyu, a kwarara wa filin duka har ya shiga ƙasa. Gobe kafin azahar nake so a gama."

Maganin da muke fesa wa auduga a lokacin, gwangwaninsa har da hoton ƙoƙon kai. Ɗan kaɗan ake zubawa cikin tankin feshi. Na taɓa ganin akuya a Makarfi ta lashi inda aka wanke tanki, ba ta kai magariba ba. Filin nan kuwa gangare yake, daga baranda ya sauka zuwa shinge. Bayan shingen, taku ashirin bai cika ba, akwai rijiyar da unguwa guda ke sha. Ba ta da siminti, itatuwa aka gitta a bakinta, kuma a Agusta ruwanta kan taso har igiya gaba ɗaya ta isa a ɗebo.

Na gaya masa haka, da ladabi iya yadda na iya. Ya ce ƙasa za ta shanye maganin tun kafin ya kai shinge. Na ce ƙasar ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin shan wani. Ya dube ni ya ce, "Ni da kai wa ya fi daɗewa a makaranta?"

Sai na faɗi abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini."

A ƙa'idar aiki, in na sama ya ba ka umarnin da kake jin tsoronsa, kana da ikon neman ya sa a takarda da hannunsa. Ƙa'ida ce, amma kowa ya san ma'anarta: ka ce masa ba ka yarda da shi ba. Na zaci zai ja da baya. Sai ya juya takardar Zariya ɗin, ya yage ƙasanta, ya rubuta layi uku ya sa hannu, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. Yanzu in na ƙi, ƙin bin umarni ne a rubuce, kuma wannan kora ce kai tsaye.

Baba Audu ya rako ni har inda na jingine keke. Ya waiga, ya rage murya ya ce, "Malam, kashin shanun nan ne. Da farkon ruwa maigida ya sa aka kwaso daga ruga aka baza, wai yana so ta fi ta da kore. Na ce masa bai ruɓe ba. Ya ce in yi abin da aka sa ni."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa ɗazu?"

Ya ce, "A gabanka? Ai da na kunyata shi."

Na wuni ina juya abin a raina. Zuwa Zariya in kai ƙara ba zai yiwu kafin azahar ɗin gobe ba, kuma tsallake maigidanka laifi ne da kansa. Sai wata dabara ta faɗo mini. Tunda gardamarmu a kan inda ruwa zai bi ne, bari ruwan ya nuna da kansa. Na shiga kasuwa na saye duk bular da na samu a teburi biyu, shuɗin nan da ake sa wa fararen kaya bayan wanki.

Talata da hantsi na zo da leburori huɗu da duro biyu. Gwangwanin magani na bar shi a sito a kulle. Na narka bular a duron har ruwan ya yi shuɗi sosai, na sa aka tuntsurar da su a saman filin. Niyyata in shuɗin ya kai shinge in kira Malam Yahaya ya gani da idonsa. Ban gaya masa ba, ban gaya wa mai unguwa ba, ban gaya wa masu ɗiban ruwa ba. A raina ruwan ba zai wuce gindin shinge ba.

Ruwan ya gangara da sauri fiye da yadda na zata. Na bi shi a guje. Da ya kai shinge sai ya shige wani ramin gafiya da ciyawa ta rufe, ya ɓace. Na leƙa ta bayan shingen, ba alamar shuɗi a ƙasa. Na tsaya ina cizon yatsa, na ɗauka gwajin ya tashi a banza, ga azahar na matsowa.

Ba a yi rabin sa'a ba muka ji ihu daga unguwa.

Ashe ramin ya ɓulle a cikin rijiyar, ƙasa da itatuwan bakinta. Wata dattijuwa, Inna Hansai, ta ɗebi tulu guda ta kai gida. 'Yarta na ɗaki, ta zo goyon cikin fari, wata takwas. Ta ce tana jin ƙishi, uwar ta ɗebo mata a moɗa, ɗakin da duhu, ta shanye. Sai da Inna ta juye sauran a farin kwano a tsakar gida ta ga launinsa. Leburorina kuwa tun jiya sun baza a gari cewa za a zuba guba a gidan jami'i.

Kafin in san abin da ake ciki, bakin ƙofar gidan ya cika. Maza sun baro gonaki da fartanyu a hannu. Inna Hansai na gaba, ba mayafi, ta riƙe kwanon da hannu biyu ruwan na zuba a zaninta.

"Kun kashe mini 'ya! Saboda ciyawa! Ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci!"

Wani ya jefo dutse ya sami kwanon rufin baranda. Leburorina biyu suka tsallake shinge ta baya suka gudu. Mai unguwa Tanimu ya ratso ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, yana ta cewa a tsaya a ji. Malam Yahaya ya fito daga ciki, ya ga kwanon. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ka zuba?"

Na ce, "Ban zuba ba, ranka ya daɗe. Bula ce."

"Bula?"

Na ɗaga murya na gaya wa jama'a. Na ce gwangwanin yana sito, ko buɗe shi ba a yi ba, ga makulli, a je a duba. Ba wanda ya saurare ni. Wani ya ce ai dole in faɗi haka. Wani ya ce a kama ni a kai wa alƙali, wani ya ce ba sai an kai ni ko'ina ba. Suna ta matsowa, mai unguwa na ja da baya taku-taku.

Sai na je gaban Inna Hansai na durƙusa na ce, "Inna, ba ni kwanon."

Ta ƙi. Mai unguwa ya karɓa daga hannunta ya miƙo mini. Na yi bisimilla na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga gindinsa. Na ce a ɗebo wani daga rijiyar. Aka kawo guga, na sake sha har ya zubo mini a ƙirji. Na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa na ce, "Ga ni nan. Ba inda za ni."

Sai ga Baba Audu ya fito daga bayan mutane, ya ɗauki gugan ya sha sauran, ya goge baki ya zauna kusa da ni.

Mutane suka zagaye mu suna kallo, suna jira su ga wanda zai fara faɗuwa. Ni na san bula ce, amma wallahi zufa ta jiƙe ni, ina addu'a kada in yi amai su ɗauka guba ce. Rana ta take. Aka kira azahar ba wanda ya motsa. Can sai wata mata ta zo ta ce yarinyar na nan da ranta, sai dai ta galabaita, don uwar ta ɗura mata ruwan gishiri kafin ta fito, ta yi ta amai har ta kasa zama.

Mai unguwa ya sa na bayyana komai daga farko. Da na gama ya juya wajen Malam Yahaya, ya rusuna kamar yadda ya saba, ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Da abin da aka ce a zuba ne aka zuba, yanzu gida nawa ake wankan gawa?"

Malam Yahaya ya dubi shingen. Sannan ya ce, "Ba za a zuba ba. Ku je, na yi muku alkawari."

Bayan an watse ya kira ni ciki ya rufe ƙofa. Ya miƙo hannu, na san abin da yake nema, na ciro takardar jiya na ba shi. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi mini? A Zariya akwai masu jira su ce ba za mu iya ba. Kullum da wannan nake tashi. Jami'in gona, ciyawar ƙofar gidansa ta gagare shi. Yau kuma ka tara mini gari a ƙofa ana jifana."

Na ce, "Na yi kuskure da ban sanar ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ka yi. Kuma za ka amsa shi a rubuce."

Washegari takardar tuhuma ta iso. Ita ce takardar da ake ba ma'aikaci ya bayyana dalilin da ba za a hukunta shi ba, kuma tana shiga fayil ɗinsa ta zauna. Laifin da aka rubuta shi ne na gurɓata rijiyar jama'a da yin amfani da kayan gwamnati ba da izini ba. Ban musa ba, don gaskiya ne. A amsata ban ambaci umarnin da aka ba ni ba, ban ambaci kashin shanu ba.

Ranar gaba ɗaya a yasar rijiya ta tafi. Ni na shiga ciki da kaina, muka kwashe ruwan har ya fito fari, muka toshe ramin gafiyar da duwatsu da yumɓu. Muka haƙa kwata a gindin shinge ta karkatar da ruwan filin zuwa bakin hanya.

Daga Alhamis muka shiga aikin gwazarma yadda ya kamata a yi tun farko. Muka yanke matacciyar ciyawar layi-layi muka naɗe. Muka kankare takin da aka baza, muka kai nesa aka tara ya ruɓe. Muka juya ƙasar zurfin tafin hannu, muna tsince tsutsar ɗaya-ɗaya muna jefawa a bokiti. Baba Audu ya ce a saki kaji da zabin maƙwabta, aka sake su, suka bi bayanmu suna kama waɗanda idonmu ya tsallake. Belbelu ma suka sauka. Inda ciyawa ke da sauran kore muka riƙa ɗagawa ta gefe muna bi, har sai mun kai inda saiwa ta riƙe ƙasa. Wanda muka juya da safe sai mu bar shi rana ta buga, da yamma mu sake bi. Baya ya ƙage, farce ya cika da ƙasa, ga wari.

Ranar Asabar muna cikin yi sai Malam Yahaya ya sauko, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauki bokiti. Da zai koma ciki ya tsaya kusa da Baba Audu ya ce, "Audu, maganar ƙarshen wata, ka bar ta." Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Lahadi da Litinin aka yi ta kawo kiri-kiri a kan jakuna daga wata fadama ta wajen Furana. Muka dasa ta layi-layi, tazarar taku guda. Ba yadda za a yi ta rufe cikin kwana biyu. Ranar Laraba filin ya fi kama da gonar albasa.

Baturen ya iso da hantsi. Muna jere a gefe, ina kallon hannun Malam Yahaya yana matsa maɓallin rigarsa. Baturen ya sauko daga mota, ya dubi filin, ya soka sandarsa a ƙasa ya ce da Hausa, "Gwazarma?"

Malam Yahaya ya ce, "I. Takin da na sa aka baza ne ya jawo ta. Mun tsince da hannu."

Baturen ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai." Ya hau baranda yana tambayar ko irin audugar Kudan ya tsiro da kyau. Bai sake waiwayar filin ba har ya tafi. Kwana tara na tashin hankali, ko minti ɗaya bai ba shi ba.

Bayan wata guda aka mayar da ni Likoro. Ba a ce hukunci ba ne, amma takardar tuhumar ta jinkirta mini ƙarin girma shekara guda. Baba Audu ya aiko mini da saƙo kafin kaka cewa ciyawar ta rufe.

Abin da na ɗauka daga wannan, na farko, kada ka yanke wa mutum hukunci a kan shuka sai ka durƙusa ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Kuma kafin ka buɗe gwangwani, ka tsaya ka duba inda ruwan wurin yake zuwa in ya bar ka, don yana zuwa wani wuri. Na kuma gane cewa na sama in ya ba da mummunan umarni, sau da yawa ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma mai tsoro ba a gyara shi a gaban jama'a.

Amma wanda ya fi zama mini shi ne nawa laifin. Na yi gaskiya a kan ruwa, na manta da masu shansa. Taku ashirin ne tsakanina da rijiyar nan. Da na tsallaka na ce, "Inna, ku dakata da ɗiba zuwa azahar, zan gwada wani abu," da ba a ɗura wa mai ciki ruwan gishiri ba. Na ɗauka ni ke kare su, don haka ban ga dalilin tambayarsu ba. Yarinyar ta haihu lafiya, namiji, na je barka da goro. Mijin Inna Hansai ya karɓe ni a zaure da mutunci. Ita kuwa har na bar Ikara, duk inda muka haɗu na rusuna na gaishe ta, sai ta gyara tulunta ta wuce. Ban taɓa ganin laifinta ba.